Darasi na 9: Zane da Rubutun Ado, Daga Tunani Zuwa Kan Allo

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance rubutun yau da kullum da rubutun ado;
2. faɗin abin da mai zane zai koya daga marubutan tsangaya;
3. yi wa mai aiki tambayoyin da suka dace kafin a taɓa fenti;
4. zana abu bayan ya kalle shi da kyau, ya kuma ƙara masa girma;
5. auna allo ya raba wa haruffa wurin zama;
6. lissafa kuɗin aiki, ya kuma tara kundin ayyukansa.

Gabatarwa

Ku bi titi a cikin garin Haɗejiya, daga tasha har kasuwar kifi, kuna lura da rubuce-rubucen da ke kan hanya. Akwai allon mai shayi, akwai bangon makarantar Islamiyya, akwai bayan babbar motar da ta zo lodin shinkafa. Kowane ɗaya akwai hannun da ya yi shi. Wani rubutun daga tsallaken titi ake karanta shi. Wani kuwa ya fara da manyan haruffa ya ƙare da ƙanana a matse, domin fili ya ƙare wa marubucin.

Mutane sukan ce bambancin baiwa ce. Baiwa tana da nata rabon, amma mafi yawan bambancin shiri ne. Aikin da ya yi kyau tun a takarda ya yi kyau, kafin a buɗe gwangwanin fenti. Wannan shiri kuwa kowa zai iya koyonsa, namiji ko mace, yaro ko dattijo. Shi za mu koya a wannan darasi, mataki bayan mataki.

1. Mene ne zanen bayani da rubutun ado?

Idan kuna rubuta wa ɗan'uwa saƙo, hannu gudu yake yi, ba ku tsayawa kan kowane harafi. A rubutun ado kuwa kowane harafi zana shi ake yi. Ana auna tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, a kuma duba yadda ya zauna kusa da maƙwabcinsa.

Haka zanen bayani ya bambanta da zanen nishaɗi. Hoto ne mai ɗauke da saƙo: kifi a allon mai kifi, sauro a takardar asibiti, matakan dasa shinkafa a littafin malamin gona. Idan mai kallo ya yaba hoton amma bai gane saƙon ba, aikin bai biya buƙata ba.

> AKWATIN KALMOMI
> Rubutun ado: zana haruffa da hannu, cikin awo da tsari, don a karanta su cikin sauƙi su kuma yi kyan gani.
> Zanen bayani: hoton da aka zana don ya isar da saƙo ko ya taimaka wa rubutu.
> Mai aiki: wanda ya ba ku aikin, wanda kuma zai biya.

2. Gadon da muke da shi

Ba daga waje wannan sana'a ta zo mana ba. Ƙasar Haɗejiya ta daɗe da yin suna wajen tsangayu da gwanayen Alƙur'ani, kuma rubutu yana cikin karatun tun daga ranar farko. Almajiri yana rubutu a allo yana wankewa, shekara da shekaru, har hannunsa ya faɗa. Wanda ya kai matsayin alaramma yakan zauna ya rubuta izu sittin da ka, a falle-fallen takarda, a adana su cikin gafaka.

Ku nemi izini wurin wani alaramma a unguwarku, ku kalli shafi ɗaya da natsuwa. Za ku ga abubuwa huɗu.

Na farko, alƙalaminsa na kara ne ko gamba, an fiƙe bakinsa a karkace. Shi ya sa layi yake yin kauri idan hannu ya bi wani ɓangare, ya sirance idan ya juya.

Na biyu, kowane launi da aikinsa. Baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja na wasula ne, rawaya da kore kuma na wasu alamomin hamza da alifi ne. Babu launin da aka sa don ƙawa kawai.

Na uku, an bar fili a gefen shafi. A nan ake zana alamun izu da rubu'i da sumuni, don mai karatu ya san inda yake.

Na huɗu, layukan sun daidaita, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya ce daga sama har ƙasa.

Waɗannan huɗu, wato bakin alƙalami, launi mai dalili, filin gefe da tazara, su ne ginshiƙan aikinmu gaba ɗaya. Hannun rubutun ma iri-iri ne. Akwai na Barno, akwai na Kano, wanda Sharif Bala na unguwar Gabari ya shahara da shi, har maɗaba'u suka buga Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa ya bazu a kasuwanni. A duniyar Musulunci kuma, tun zamanin Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a shekarar 940, marubuta suke auna tsawon harafi da ɗigon bakin alƙalami.

Ta ɓangaren boko ma muna da tarihi. A shekarun 1930 ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun Hausa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. A shekarun 1950 kuma aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Arewa, inda manya irinku suka zauna aji suka koyi karatu da ƙananan littattafai. Ajami kuwa har yau yana aljihunku: ku duba takardar Naira 200 ko 500 ko 1,000.

> AKWATIN KALMOMI
> Zayyana: adon launuka da ake yi wa allo, musamman na saukar karatu, ko gefen shafi.
> Tazara: filin da ake bari tsakanin harafi da harafi, kalma da kalma, ko layi da layi.
> Filin gefe: wurin da ake bari babu komai a kewayen aiki.

3. Mataki na farko: sauraron mai aiki

Kafin ku ɗauki fensir, ku sami amsar tambayoyi biyar, ku rubuta su a littafinku:

- Su wa za su karanta?
- Daga wane nisa, a tsaye ko a kan abin hawa?
- Wane saƙo ne ya fi muhimmanci?
- A ina za a kafa aikin, a rana ko a inuwa?
- Yaushe ake so, kuma nawa aka tanada?

Misali na 1. Wani mai sayar da kifi ya kira ɗalibi ya yi masa allon rumfa.

“Alhaji, su wa kake so su karanta allon nan?”

“Kowa da kowa mana, Malam. Ka sa busasshen kifi, ka sa ɗanye, ka sa lambar waya biyu, ka sa muna aikawa Kano da kudu.”

“To Alhaji, a cikin masu sayen nan, wa ya fi kawo maka ciniki?”

“Ai 'yan sari ne. Su suke ɗaukar kwali-kwali.”

“Daga ina suke hango rumfar?”

“Daga bakin titi, inda motoci suke tsayawa.”

“Ranka ya daɗe, idan muka cika allon da magana, daga can ba za su karanta ko ɗaya ba. Mu sa busasshen kifi da manyan baƙi, da hoton tarwaɗa, sai layi ɗaya a ƙasa. Lambar waya mu yi mata ƙaramin allo a jikin rumfa.”

Ku lura, ɗalibin bai musa wa Alhaji ba. Tambaya ya yi ta yi har babban saƙon ya fito da kansa.

Akwai abu biyu da ya kamata ku kiyaye a ƙasarmu. Wasu masu aiki ba sa son hoton mutum ko dabba, don haka ku tambaya tun farko. Idan haka ne, ku yi amfani da dagi ko zanen ganye ko kayan sana'ar, kamar koma da gora. Sannan kada ku sa aya ko sunan Allah a takardar da kuka san za ta ƙare a ƙasa ko a ƙunshin ƙosai.

4. Mataki na biyu: kallo kafin zane

Yawancin masu koyo suna zana abin da ke kansu, ba abin da ke gabansu ba. Ka ce su zana kifi, sai su yi ƙwai mai wutsiya. Amma mutumin Haɗejiya ya san kifinsa, kuma zai gane idan kun yi masa ha'inci.

Ku sayi tarwaɗa ɗaya da karfasa ɗaya, ku ajiye su a faranti, ku yi minti biyar kuna kallo ba tare da kun zana komai ba. Tarwaɗa doguwa ce, jikinta sulɓi babu ɓawo. Kanta a baje yake, idanunta ƙanana, ga gashin baki guda takwas. Fiffiken bayanta ya miƙe tun daga bayan kai har kusa da wutsiya. Karfasa kuwa gajera ce mai faɗi, jikinta duk ɓawo, idonta babba, fiffiken bayanta da ƙayoyi a tsaye. Idan kun kama waɗannan alamomi, ko da layi goma kuka yi zanen, kowa zai ce wannan tarwaɗa ce.

Fadamar kogin Haɗejiya makaranta ce ga mai zane. Akwai masunci kwance a kan gora yana jan koma. Akwai goruba mai rassa biyu-biyu, da kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa. Akwai zalɓe tsaye a ruwa da wuyansa a lanƙwashe, da balbela a bayan shanu, da shamuwa mai zuwa gab da damina. A dausayin Baturiya, da hunturu, har tsuntsayen da suka taso daga Turai suna sauka. Ku riƙa yawo da ƙaramin littafi, kullum ku zana abu ɗaya. Wanda ya kwafo hoto daga intanet ya ɗauki aikin wani, kuma zai zana kifin wata ƙasa. Wanda ya zana daga bakin kogi yana da abin da babu mai shi sai shi.

Bayan kallo sai zanen gwaji. Ku yi ƙananan zane uku ko huɗu na allon gaba ɗaya, kowanne bai wuce tafin hannu ba. A ɗaya kifi a sama, a wani a tsakiya, a wani a gefe. Ku kai wa mai aiki ya zaɓa. Gyara a takarda kyauta ne, gyara a kan allo kuwa fenti yake ci.

> AKWATIN KALMOMI
> Zanen gwaji: ƙaramin zane na gaggawa da fensir, don gwada tsari.
> Gidan dara: layukan tsaye da na kwance da ake ja a kan zane, don a kwafe shi gida-gida zuwa wuri mafi girma.

Misali na 2: ƙara wa zane girma. Kun zana tarwaɗa a takarda, tsawonta santimita 27, faɗinta 9. Kuna so ta ninka uku a kan allo. Ku ja gidan dara a kan zanen, kowane gida santimita 3. Za ku sami gida 9 a kwance, 3 a tsaye. A kan allo ku ja gidaje masu yawa iri ɗaya da alli, amma kowanne santimita 9. Sai ku kwafe abin da ke cikin kowane gida zuwa takwaransa. Kifin zai fito santimita 81 da 27, kai bai yi wa jiki girma ba.

5. Mataki na uku: awon haruffa

Tsawon harafi nisan mai karatu ne yake yanke shi. Masu rubuta alluna suna da ƙa'ida mai sauƙi: kowace mita 3 ta nisa, a ba harafi santimita 2.5 na tsawo.

Kowane layin rubutu yana buƙatar layin awo biyu, na sama da na ƙasa. Idan allon dogo ne, ku shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi ya miƙe, ku ɗaga tsakiyarsa ku saki. Zai bar muku layi miƙaƙƙe.

Misali na 3: allon Alhaji. Faɗin allon santimita 160, tsawonsa 80. Daga bakin titi zuwa rumfa mita 15.

*Tsawon harafi:* 15 ÷ 3 = 5, sannan 5 × 2.5 = 12.5. Mu cika shi santimita 13.

*Filin gefe:* a bar santimita 10 ta kowane ɓangare. Saura faɗi 140, tsawo 60.

*Ƙirga gurabe:* BUSASSHEN harafi 9 ne, KIFI 4, filin da ke tsakaninsu gurbi 1. Jimla 14. To 140 ÷ 14 = 10. Kowane gurbi santimita 10: harafi ya ci 8, tazara 2.

*Neman tsakiya:* rabin 14 shi ne 7. Harafi na 7 shi ne H, na 8 kuma E. Tsakiyar allo za ta faɗa tsakanin H da E. Daga nan ake fara zanawa, a yi dama a yi hagu.

*Raba tsawo:* babban layi 13, tazara 6, kifi 27, tazara 6, ƙaramin layi 8. Jimla 60.

Lissafi ya ba ku mafari, amma ido ne zai ƙarasa. Harafin I siriri ne, ba ya cin gurbi guda, M da W kuwa suna neman ƙari. Haruffa masu miƙaƙƙen gefe, kamar H da N, suna son a ɗan buɗa tsakaninsu. Masu zagaye, kamar O da C, suna son a matso da su. A cikin kalmar KIFI akwai I biyu, don haka layin zai ɗan gajarta ta dama. Sai ku matsar da shi duka kaɗan har ya zauna a tsakiya. Bayan kun gama da alli, ku tafi can bakin titi ku duba kafin ku ɗauki buroshi.

Sai batun lanƙwasa. Idan kuka rubuta KASA a wurin ƘASA, ko DAKI a wurin ƊAKI, kun sauya magana. Ku bar wa lanƙwasar wuri tun a awo, kada ku liƙa ta daga baya. A nan mai rubutun hannu ya fi na'ura, domin yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ. Ku kuma kula da raba kalmomi, sannan ku ba wani mai karatu ya duba muku rubutun a takarda.

Idan aikin na ajami ne, daga dama ake farawa, kuma a salon ƙasarmu fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ku bi salon da masu karatun suka saba da shi.

> AKWATIN KALMOMI
> Layin awo: siririn layin alli ko fensir da ke tsare tsawon haruffa, wanda ake gogewa bayan an gama.
> Gurbi: filin da harafi ɗaya da tazararsa suke ci.

6. Mataki na huɗu: launi da fenti

Da ja da rawaya da shuɗi, haɗe da fari da baƙi, za ku iya samar da yawancin launukan da kuke buƙata. Shuɗi da rawaya suna ba da kore, ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ja da shuɗi kuma shunayya.

Babbar ƙa'ida ita ce rubutu ya rabu da bayansa: duhu a kan haske, ko haske a kan duhu. Baƙi a kan rawaya, ko fari a kan shuɗi mai duhu, ana hango su daga nesa. Ja a kan kore yana gajiyar da ido, kuma akwai mutanen da ba sa bambance su da kyau. Launi uku, ban da na baya, sun isa allo ɗaya. Ku tuna da shafin alaramma, kowane launi ku ba shi aikinsa.

Aikin waje fentin mai yake so, na takarda da cikin ɗaki kuma fentin ruwa. Ku goge katako da samfefa, ku yi masa shafen farko, ku bari ya bushe sarai. Yanayinmu ma yana da hukunci. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, don haka ku yi aiki inda iska ba ta kaɗawa. Zafin bazara yana busar da fenti a bakin buroshi, sai ku yi aiki da safe a inuwa. Da damina katako yana shan danshi, ku shafe bayansa da gefunansa. Ja yana saurin koɗewa a rana, ku yi masa shafe biyu. Ku yi aiki a wuri mai iska, ku kuma ɗauke fenti da kananzir daga inda yara suke.

7. Aiki don amfanin jama'a

Misali na 4. Idan kogi ya cika, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa, ƙauyuka da yawa na Auyo da Guri da Kiri Kasamma sai da kwale-kwale ake shigarsu, kuma lodin da ya wuce kima yana jawo asarar rayuka. A ce ƙungiyar matasan wani ƙauye ta nemi ku yi mata fasta da za a kafa a mashaya.

*Masu karatu:* manoma, mata masu zuwa kasuwa, yara. Wasu boko suke karantawa, wasu ajami, wasu ba sa karatu. Don haka hoto ne zai ɗauki saƙon.

*Hoto:* kwale-kwale biyu. Na farko an cika shi da buhuna da mutane, ruwa ya kusa shafe bakinsa. Na biyu lodinsa daidai, gefensa ya fito sosai a saman ruwa.

*Rubutu:* KADA A CIKA LODI, da boko a sama, da ajami a ƙasa, girmansu ɗaya.

*Launi:* fari a baya, baƙi ga rubutu, shuɗi ga ruwa, ja ga alamar hani kaɗai.

*Gwaji:* ku rufe rubutun, ku nuna wa mutum uku hoton, ku ce, “Baba, me ka gani a nan?” ko “Inna, me hoton nan yake cewa?” Kada ku yi musu bayani. Idan biyu daga cikinsu ba su gane ba, ku koma takarda ku gyara. Laifin ba nasu ba ne.

8. Kuɗin aiki da kundin ayyuka

Masu koyo da yawa suna faɗin kuɗi da ka, su ƙare da asara. Ku rubuta komai.

Misali na 5. Waɗannan alƙaluma na koyon lissafi ne kawai, ku tambayi farashin ranar a kasuwa. Katako Naira 6,000, fenti 7,000, buroshi da samfefa da kananzir 2,000, kuɗin mota 1,000. Kayan aiki sun tashi 16,000. Ladan hannu na kwana biyu, a kan 5,000 kullum, 10,000. Jimla Naira 26,000. Ku karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan, ragowar kuma ranar da kuka miƙa aiki. Ku kuma cika alkawarin rana, domin shi yake dawo da mai aiki.

Kowane aiki kuka gama, ku ɗauki hotonsa da waya a inuwa, kuna tsaye daidai gabansa. Ku adana zanen gwajin, da awon, da hoton ƙarshe, ku rubuta kwanan wata da abin da za ku gyara nan gaba. Wannan kundi za ku nuna wa sabon mai aiki, ko ku sa a WhatsApp da Facebook.

Wani zai ce ai yanzu da na'ura ake buga alluna. Gaskiya ne, kuma yana da kyau ku koyi CorelDRAW idan kun sami hali. Amma na'ura abin da aka tsara mata take fitarwa. Wanda ya san tazara da launi da hannunsa shi ne zai fi iya sarrafa ta. Bangon makaranta da jikin mota da kwale-kwale kuwa har gobe buroshi suke jira.

Mai son zurfafa karatu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da zane da tsara kayan bugawa. A wannan gari ne, a 1958, wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa ɗalibi ya haɗa dabarun da ya koya a aji da gadon gidansu. Wannan shawara ta dace da ku, domin kuna da alƙalamin tsangaya, kuna da kogi.

> AKWATIN KALMOMI
> Kafin alƙalami: kuɗin da mai aiki yake bayarwa kafin a fara.
> Kundin ayyuka: tarin zane-zanen ɗalibi da hotunan ayyukan da ya gama, a jere bisa kwanan wata.

Taƙaitawa

Aikin zane da rubutun ado yana bin matakai: a saurari mai aiki, a kalli abin da za a zana, a yi zanen gwaji, a auna haruffa, a zaɓi launi, a gwada a idon jama'a, a lissafa kuɗi, a adana a kundi. Fenti shi ne kusan na ƙarshe. Wanda ya tsallake matakan farko, a kan allo zai biya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin rubutun yau da kullum da rubutun ado?
2. Kawo abubuwa huɗu da mai zane zai koya daga shafin alaramma.
3. A wace shekara aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma a wane gari?
4. Lissafa tambayoyi biyar da ake yi wa mai aiki.
5. Faɗi alamomi uku da suka bambanta tarwaɗa da karfasa.
6. Za a karanta wani allo daga nisan mita 24. Nawa ne tsawon harafinsa?
7. Allo yana da faɗin santimita 130, an bar filin gefe 10 dama da hagu. Za a rubuta GIDAN ABINCI. Gurbi nawa ne, kuma kusan santimita nawa kowanne zai ci?
8. Zane mai tsawon santimita 20 za a ninka shi huɗu. Idan gidan dara na takarda santimita 2 ne, nawa ne na kan allo?
9. Me ya sa ba a son ja a kan kore?
10. Kayan aiki sun ci Naira 12,500, ladan hannu na kwana uku a kan 4,000 kullum. Nawa ne jimlar kuɗin aikin?

Aikin gida

Ku zaɓi wata sana'a a unguwarku, ku yi wa mai ita tambayoyin nan biyar. Ku kawo aji zanen gwaji uku, da awon haruffa a rubuce, da zanen abu ɗaya da kuka kalla da idonku a kasuwa ko a bakin kogi. A darasi na gaba kowa zai kafa nasa a bango, 'yan aji su tsaya daga nesa su faɗi abin da suka karanta.